Alƙali Saund: Manomin Latas Ɗan Indiya da Ya Shiga Majalisar Amurka

Westmorland ƙaramin gari ne a kudancin jihar Kalifoniya, ba nisa da iyakar Meziko. A farkon shekarun 1950 wani manomi haifaffen Indiya ya fito neman kujerar alƙalin garin, da yake a can a lokacin ƙuri'a ce ke naɗa irin waɗannan ƙananan alƙalai. Wata rana yana cikin gidan abinci, sai wani mai faɗa-a-ji a garin ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya tambaye shi wai in ya ci zaɓe shi zai riƙa raba wa jama'a rawuna, ko kuwa kowa sai ya sayi nasa kafin ya shiga kotu. Ba'a ce, amma mai dafi. Manomin bai harzuƙa ba. Ya nuna masa cewa shi abin da ke bisa kan mutum bai dame shi ba, abin da ke cikin kan shi yake dubawa.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ake yi wa gorin rawani ya daɗe da ajiye nasa. Tun farkon zuwansa Amurka ya kwance shi, ya aske gashin da mabiya addinin Sikh ke bari. Ya yi kusan shekara talatin a cikinsu, ya auri 'yarsu, ya haifi 'ya'ya uku, suna saye da sayarwa tare, amma ran da ya nemi kujera sai aka tuna masa da inda ya fito. Sunansa Dalip Singh Saund, kuma shi ne mutum na farko haifaffen nahiyar Asiya da aka zaɓa ya zama cikakken ɗan Majalisar Dokokin Amurka.

An haife shi ranar 20 ga Satumba, 1899, a wani ƙauye da ake kira Chhajulwadi kusa da birnin Amritsar a yankin Punjab, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Iyayensa ba su yi karatun zamani ba, amma suna da rufin asiri. Mahaifinsa ɗan kwangilar gine-gine ne, kuma ya rasu Dalip yana yaro. Duk da haka gidansu ya tsaya masa a kan karatu har ya sami digiri a fannin lissafi daga Jami'ar Punjab a 1919. Duk wanda ya san tarihin Indiya ya san nauyin wannan shekara. A ranar 13 ga Afrilu, 1919, Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe wuta a kan taron jama'a marasa makami a dandalin Jallianwala Bagh da ke cikin Amritsar, birnin da Saund ya yi makaranta yana yaro. Ko a lissafin su Turawan, mutum 379 ne suka mutu. Samarin Punjab na wannan zamani da wannan miki suka tashi. Shi Saund ya riga ya kamu da son maganganun Abraham Lincoln da Woodrow Wilson a kan 'yanci da mulkin kai, saboda haka da ya tashi fita karatu sai ya juya wa Ingila baya ya nufi Amurka.

A 1920 ya isa. Niyyarsa mai sauƙi ce: ya yi shekara biyu ko uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya koyi dabarun adana abinci a gwangwani, ya koma gida ya kafa masana'anta. Ya sauka a wani gidan ɗalibai da wurin ibadar 'yan Sikh na garin Stockton ke ɗaukar nauyinsa. Bai jima ba lissafi ya sake jansa. Ya sami digiri na biyu a 1922, ya kammala digirin digirgir a 1924.

Yana tsakiyar wannan karatu aka rufe masa ƙofar da bai ma kai ga ƙwanƙwasawa ba.

A lokacin dokar Amurka ta ce baƙon da zai iya zama ɗan ƙasa sai ya kasance farar fata ko kuma ɗan asalin Afirka. A ƙarshen 1922 Kotun Ƙoli ta hana wani Bajapane mai suna Takao Ozawa, ta ce farar fata na nufin wanda ya fito daga jinsin da masana ke kira Kokeshiyan. Bayan wata uku sai ga shari'ar Bhagat Singh Thind, ɗan Punjab, mabiyin addinin Sikh, wanda ya yi aikin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hujjarsa ita ce, ai masanan zamanin a wannan jinsi suka sa mutanen arewacin Indiya. Sai kotun ta sake baki. A watan Fabrairu 1923 ta yanke cewa ba maganar masana ake bi ba, abin da mutumin kan titi ya fahimta da farar fata shi ne doka. Kotun nan dai, cikin wata uku. Bayan hukuncin har waɗanda aka riga aka ba takardar zama ɗan ƙasa aka bi wasunsu aka ƙwace.

Ga Saund abin bai tsaya a takarda ba. Jihar Kalifoniya tana da dokokin 1913 da 1920 da suka hana duk baƙon da bai cancanci zama ɗan ƙasa ba mallakar gona, daga baya ma har da karɓar hayarta. Ga shi da digirin digirgir a hannu, amma ba makarantar da ta buɗe masa ƙofar aji a Amurka. A 1925 ya tattara ya nufi Kwarin Imperial, inda ya ji labarin 'yan uwansa 'yan Punjab na samun abin sawa a baka da noma.

Ya kamata mai karatu ya ga wannan wuri da idon zuciya, don a nan aka ƙera ɗan siyasar. Hamada ce, kuma yawancinta tana ƙasa da matakin teku. Ruwan sama bai taka kara ya karya ba, kuma da bazara zafi kan haura digiri 45. Abin da ya raya ta shi ne ruwan Kogin Colorado da aka janyo ta manyan magudanai, ya mai da rairayi ya zama lambu. Komai noman rani ne. Idan hunturu ya daskare gonakin gabashin Amurka, a wancan zamani daga nan ake loda latas da karas a jirgin ƙasa. Ga 'yan Punjab wannan ba baƙon abu ba ne, domin su ma ƙasarsu ta magudanan ban-ruwa ce. Da yawansu da doka ta hana su kawo mata daga gida sai suka auri matan Meziko da suke aiki tare a gonakin auduga.

Dakta mai digiri uku ya fara da aikin helman masu tsinkar auduga a gonar wasu abokansa. Da ya tara ɗan jari ya shiga noman latas, kuma da yake ba shi da ikon sa hannu a takardar haya, sai wani abokinsa ɗan ƙasa ya riƙa sa sunansa a madadinsa. Wanda ya taɓa noma kayan gwari ya san halin latas. Ba ya jira. In ka yanke shi yau kasuwa ta faɗi gobe, ba rumbun da za ka kai shi. Shekara guda ta yi maka dariya, ta biyu ta raba ka da riga.

A 1928 ya auri Marian Kosa, Ba'amurkiya 'yar gidan wasu baƙi 'yan asalin ƙasar Cek. Auren ya ci mata abu mai tsada. Dokar 1922 ta ce duk macen da ta auri namijin da bai cancanci zama ɗan ƙasa ba, ita ma ta rasa nata. Haihuwar Amurka ce, amma ran ɗaurin aure ta zama baƙuwa a ƙasar da aka yanke mata cibi. Sai a 1931 aka gyara wannan doka. A 1930 kuma ya wallafa littafinsa na farko, My Mother India, martani ga littafin wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, wadda ta zana Indiyawa a matsayin mutanen da ba su isa mulkin kansu ba. Wannan littafi zai dawo ya tare masa hanya bayan shekara 26.

Sai karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta zo, farashin amfanin gona ya zube, bashi ya hau kansa. Manoma da yawa a kwarin sun bi hanyar da doka ta buɗe: ka je kotu ka ayyana cewa ka karye, a yafe maka abin da ya rage. An ba Saund wannan shawara ya ƙi. Ya ɗauki shekaru yana biyan masu binsa kaɗan-kaɗan har ya gama. A ganina, in ana neman ranar da ya fara cin zaɓen 1956, to a nan take. A ƙaramin gari mai sayar da iri da mai sayar da man tarakta ba sa mantawa da wanda ya biya su alhali yana da hanyar tserewa.

Bai da ƙuri'a, amma bai bar zancen siyasa ya wuce shi ba. Ya zama mai goyon bayan Shugaba Franklin Roosevelt da jam'iyyar Democrat, saboda tallafin da gwamnatinsa ta kawo wa manoma. Ya shiga ƙungiyar Toastmasters, inda ake koyon magana a gaban jama'a. Duk inda aka gayyace shi, coci ko kulob ko makaranta, sai ya je ya yi bayani a kan Gandhi da gwagwarmayar Indiya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara ashirin ya yi yana wasa harshensa a gaban mutanen da ba zai iya neman ƙuri'arsu ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsaga bangon. Amurka tana yaƙi da Japan, tana buƙatar Sin da Indiya, ga kuma farfagandar Japan kullum tana tuna wa mutanen Asiya dokokin wariyar da ke littafin Amurka. A 1943 aka soke dokar da ta hana Sinawa. Indiyawan Amurka, waɗanda ba su wuce 'yan dubbai ba, suka ce su ma ai ga su. Saund ya shiga gaba wajen kafa ƙungiyarsu a Kalifoniya, suka riƙa bin manoma gona-gona suna tara kuɗi, yayin da J. J. Singh, wani ɗan kasuwa a New York, yake zirga-zirga a ofisoshin Washington. 'Yan majalisa biyu suka ɗauki ƙudurin: Clare Boothe Luce ta jam'iyyar Republican da Emanuel Celler na Democrat. Ranar 2 ga Yuli, 1946, Shugaba Truman ya sa hannu. Kada a zaci wata babbar ƙofa aka wangale: mutum 100 kacal aka yarda su shigo daga Indiya a shekara. Amma waɗanda ke ciki sun sami damar zama 'yan ƙasa. Ranar 16 ga Disamba, 1949, Saund ya yi rantsuwa, yana da shekara 50, bayan shekara 29 a ƙasar.

Bai tsaya jan numfashi ba. A 1950 ya tsaya takarar alƙalin Westmorland, ya ci. Sai aka garzaya kotu, aka ce bai cika shekara guda da zama ɗan ƙasa ba kamar yadda doka ta tanada, aka soke zaɓen. Ya jira shekara biyu ya sake fitowa a 1952, ya ci da tazarar ƙuri'a 13. Westmorland a lokacin ta yi suna da gidajen caca da na mata masu zaman kansu da masu sayar da ƙwaya. Da can tara ake yankewa, a biya, a koma ruwa. Shi kuwa ya riƙa haɗawa da ɗauri, har unguwar ta watse. A gefe kuma ya buɗe kasuwancin takin zamani, abin da ya sa kusan ba manomin da bai taka gonarsa ba. Daga nan sunan Alƙali ya bi shi. Har ya bar duniya da shi aka fi saninsa, kuma da gangan ya riƙe shi, domin a kunnen mai zaɓe “Alƙali Saund” ya fi “Dalip Singh” sauƙin shiga.

Gabanin zaɓen 1956 ɗan majalisar mazaɓa ta 29, John Phillips na Republican, ya ce ya gaji zai sauka. Mazaɓar ta haɗa gundumomin Imperial da Riverside, kuma ba ta taɓa tura ɗan Democrat Washington ba. Saund ya ce yana so.

Faɗan farko daga cikin gida ya fito. Abokin karawarsa a zaɓen fid da gwani, wani lauya mai suna Carl Kegley, ya tono tsohon littafin nan na 1930, ya tsinci wuraren da Saund ya soki Amurka, ya buga a jaridu. Ya kuma kai ƙara cewa tsarin mulki ya ce ɗan Majalisar Wakilai sai ya shekara bakwai da zama ɗan ƙasa, shi kuwa Saund ran zaɓe bai cika ba. Gaskiya ne, a watan Nuwamba saura masa 'yan makonni. Amma ranar 3 ga Janairu, 1957 ake rantsar da sabuwar majalisa, kuma a ranar ya cika shekara bakwai har da rarar kwana 18. Ƙarar ba ta je ko'ina ba, kuma Saund ya ci zaɓen fid da gwanin.

Wadda ke jiransa a babban zaɓe ba kanwar lasa ba ce. Jacqueline Cochran Odlum matuƙiyar jirgin sama ce da duk Amurka ta sani. Ita ta jagoranci rundunar mata matuƙa a lokacin yaƙi, kuma a 1953 ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgi ya zarce gudun sauti. Mijinta Floyd Odlum yana cikin manyan attajiran ƙasar, kuma Shugaba Eisenhower abokinsu ne. Da jirginta take zagaya mazaɓar, ita ke tuƙa kanta. Jaridun ƙasa suka yi ca a kan wannan takara, domin ba su taɓa ganin irinta ba: mace matuƙiyar jirgi da manomi ɗan Indiya.

Saund mota ya shiga. Matarsa da 'ya'yansa da surukansa suka bazu gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna yi wa mutane rajistar zaɓe. Bai ɓoye asalinsa ba, amma bai mai da shi jigon magana ba. Zancensa farashin amfanin gona ne, da tallafin manoma, da ruwan ban-ruwa, da halin ƙananan 'yan kasuwa. A shekarar da Eisenhower ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da gagarumin rinjaye, Saund ya kayar da abokiyar shugaban da tazarar ƙuri'a wajen 3,300. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutanen Imperial da Riverside dai sun duba sun ga wannan raɓar ta shekara talatin ba ta bushe ba.

Da ya isa Washington shugabannin jam'iyyarsa suka ba shi kujera a Kwamitin Harkokin Waje, wurin da sabon shiga ba ya cika samu. Ba don Allah kawai aka yi ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet suna zawarcin ƙasashen Asiya da Afirka masu samun 'yanci, kuma babu abin da ke kunyata Amurka kamar yadda take yi wa baƙaƙen fatarta. Saund kansa ya yi alkawari tun a yaƙin neman zaɓe cewa in ya ci zai je Indiya ya nuna kansa a matsayin shaida cewa dimokuraɗiyyar Amurka tana aiki. A ƙarshen 1957 ya cika alkawari. Ya zaga ƙasashen Asiya da dama, ciki har da Japan da Indonesiya da Filifin, ya sauka Indiya karo na farko bayan shekara 37. Jama'a suka yi dafifi, ya gana da Firayim Minista Nehru, ya yi jawabi a gaban majalisar ƙasar.

Sai dai tafiyar ta zo 'yan makonni bayan rikicin Little Rock, inda sai da Eisenhower ya tura sojoji kafin yara baƙaƙe tara su shiga makarantar sakandaren fararen fata a jihar Arkansas. Kusan duk inda ya tsaya sai an yi masa tambaya a kai. Bai musa cewa akwai wariya ba, amma amsarsa kullum ita ce abin yana gyaruwa, ga shi nan shi kansa hujja.

A nan ne nake ɗan rabuwa da shi. Hujjar tasa gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Ƙasar da ta zaɓe shi ita ce ta hana shi gona, ta ƙwace wa matarsa takarda, ta bar mai digirin digirgir a lissafi yana kula da masu tsinkar auduga. Kuma a shekarar da yake jawabi a Delhi, miliyoyin baƙaƙen fata a kudancin Amurka, waɗanda kakannin kakanninsu a can aka binne su, ba su iya jefa ƙuri'a. Mutum ɗaya da ya haye ba ya nuna cewa an gina gada. Amma in za a yi masa adalci, a zauren majalisa bai yi fuska biyu ba. Ya goyi bayan dokar kare haƙƙin jama'a ta 1957, kuma ya kafa hujja da rayuwarsa: shekara goma da suka wuce shi kansa doka ba ta san da zamansa ba.

Bai kuma zama ɗan amshin shata ba a kan tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. Ya sha faɗin cewa kuɗin suna ƙarewa a hannun masu mulki da manyan masu filaye, talakan ƙauye bai gani a ƙasa ba, kuma ba a sayen ƙaunar mutane da makamai. A 1961 ya ja da Shugaba Kennedy, ɗan jam'iyyarsa, ya kawo gyaran da zai hana gwamnati damar tsara kuɗin tallafin na shekaru da dama ba tare da komawa gaban majalisa ba, kuma Majalisar Wakilai ta bi bayansa. Wanda ya san ƙauyen Punjab kuma ya taɓa bin bashi da biyansa, ba mamaki ya so a riƙa duba lissafi kowace shekara.

Sauran aikinsa irin wanda ba ya shiga kanun labarai ne: kuɗin ayyukan tare ambaliya, maganar ruwa, filayen 'yan ƙabilar Agua Caliente a yankin Palm Springs, tattaunawa da 'yan majalisar Meziko. Su ne suka sa a 1958 ya sami sama da kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u, ya sake ci a 1960. A shekarar ce kuma ya fitar da tarihin rayuwarsa, Congressman from India.

Ranar 1 ga Mayu, 1962, yana cikin jirgi daga Los Angeles zuwa Washington, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi. Aka kwantar da shi a asibitin sojan ruwa na Bethesda. Magana ta ɗauke, ƙafa ta ƙi. Iyalinsa da ma'aikatan ofishinsa suka rufe zancen, suka riƙa ba da tabbacin cewa yana samun sauƙi, har ya ci zaɓen fid da gwani yana kwance. Ban ga laifin matar da ke fatan mijinta zai tashi ba, amma masu zaɓe suna da haƙƙin sanin halin wanda za su tura, kuma ɓoyon bai yi wa sunansa amfani ba. Da watan Nuwamba ya zo ba wanda ya gan shi a dandali, sai Patrick Martin na Republican ya kayar da shi. Daga baya ya iya takawa da abin dogarawa, amma maganar ba ta dawo ba. Marian ta yi jinyarsa fiye da shekara goma, har ya rasu a Hollywood ranar 22 ga Afrilu, 1973.

A 1965 Amurka ta soke tsarin rabon gurabe bisa asalin ƙasa, Indiyawa likitoci da injiniyoyi suka fara kwarara da dubbansu. Duk da haka kujerar da Saund ya bari a Janairun 1963 ta daɗe ba magaji daga 'yan Indiya. Sai bayan shekara 42, a Janairun 2005, wani ɗan asalin Indiya ya sake shiga Majalisar Wakilai, wato Bobby Jindal daga jihar Louisiana, shi kuwa haihuwar Amurka ne, ɗan Republican. A 2007 majalisar ta rataye hoton Saund a gininta.